Keken yaro mai ƙafa uku: na roba, na ƙarfe, ko mai sandar turawa?

Yawancin kekunan yara da ake jerawa a bakin shago, musamman idan Sallah ta matso, an ƙawata su ne don idon mai biyan kuɗi. Ga fitila, ga waƙa, ga laima mai hoton zomo, ga kwando gaba da baya. Shi kuwa wanda zai hau, abu biyu ne suka shafe shi: ƙafarsa ta kai feda, keken kuma kada ya kife da shi in ya sha kwana. Keken da ya cika waɗannan biyun, tayarsa kuma ta dace da irin ƙasan gidanku, shi ne naku, ko da babu ko ƙararrawa a jikinsa.

A fara da shekaru, domin nan ne kuɗin iyaye suka fi zubewa a banza. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce mafi yawan yara ba sa iya sarrafa keke mai ƙafa uku sai wajen shekara 3. Ɗan shekara ɗaya da rabi zai zauna a kai, ya riƙe kan keken, ya ja da ƙafa a ƙasa. Ɗan shekara 2 zai ɗora ƙafafunsa a kan feda, ya danna duka biyun lokaci guda, keken ya ƙi motsi, shi kuma ya fashe da kuka. Ba ragwanta ba ce, kuma ba laifin keken ba ne. Danna ƙafa ɗaya a sassauta ɗaya, hannu yana juya sitiyari, ido yana kan hanya, aiki ne da jiki da ƙwaƙwalwa ke koyo a hankali. Wasu yaran sukan kama shi da shekara biyu da rabi, wasu sai sun haura uku, duka kuma lafiyarsu lau.

Bayan shekaru sai tsawon ƙafa, wanda ya ma fi shekarun muhimmanci. Idan da hali a je kasuwa da yaron. A zaunar da shi, bayansa ya jingina da kujera sosai, a juya feda zuwa inda ta fi nisa da shi. Tafin ƙafarsa ya kamata ya zauna a kanta, gwiwa kuma da ɗan lanƙwasa. In sai ya zamo gaba ko ya miƙe yatsu kafin ya taɓo ta, keken ya yi masa girma. Sannan a duba ko yana iya sauke ƙafafunsa duka biyu su taka ƙasa yana zaune, domin galibin waɗannan kekuna ba su da birki, ƙafar yaro ce birkin. Idan ba za a iya zuwa da shi ba, a tsayar da shi jikin bango babu takalmi, a auna da tef ɗin tela daga ƙasa zuwa matsematsinsa, a tafi kasuwa da tef ɗin a aljihu, a gwada daga kujera zuwa feda.

A nan ne mai shago zai ce, "Hajiya, ki ɗauki babban mana, ai zai girma a kai, har ƙanensa ya gada." Ba mugun nufi ne da shi ba, haka muka saba yi wa yara ɗinkin Sallah, a sake shi don ya kai baɗi. To, riga in ta yi girma naɗe hannu ake yi. Keke in ya yi girma, yaro zamewa yake yi daga kujera, ya kasa taka ƙasa lokacin da yake buƙatar tsayawa, daga ƙarshe ya tsani abin. Wanda yake son keke ya daɗe, ya nemi mai kujerar da ake matsarwa gaba da baya. A leƙa ƙarƙashin kujerar: in akwai ramuka biyu ko uku na noti a jere, ana iya matsar da ita, kuma wannan kaɗai kan ƙara wa keke shekara ɗaya ko biyu na amfani.

Na roba

Shi ne mafi araha, shi ne kuma ya cika ko'ina, tun daga Kasuwar Sabon Gari a Kano har shagunan cikin unguwa. Amfaninsa a fili yake. Ba shi da nauyi, yaro da kansa yana iya ɗaga shi ya juya masa kai in ya maƙale a lungu. Ba ya tsatsa, ana wanke shi da ruwa da omo a bar shi ya bushe. In ya faɗo wa yaro a ƙafa, ba ya jin ciwo kamar na ƙarfe. Ga ɗan shekara 2 da zai riƙa ja da ƙafa a falo ko baranda, na roba ƙarami ya wadatar, ba sai an kashe kuɗi da yawa ba.

Matsalarsa rana ce da nauyi. Robar da ke wuni a tsakar gida tana koɗewa, ta bushe, ta yi gautsi. Wanda ya taɓa barin bokiti a rana na tsawon wata da watanni ya san yadda yake tsagewa da an ɗauka. A garuruwan da zafin Afrilu ke haura digiri 40, irin Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, wannan ba ya ɗaukar dogon lokaci. In roba ta tsage kuma, bakin tsagar kaifi ne da shi. Wurin da ya fi saurin lalacewa shi ne ramin tsakiyar taya, inda ƙarfe ke juyawa cikin roba kai tsaye babu boris. Ƙurar hunturu da yashi su shiga, su yi ta cin ramin har ya buɗe, tayar ta fara rawa. Ka kai wa mai gyaran keke, ya zare ta, ya ɗaga ta sama ya leƙa, ya sa ɗan yatsa ya nuna maka yadda ramin ya wage ta gefe ɗaya, ya ce, "Alhaji, wannan ba ta gyaruwa, sai dai a samo irinta, irinta kuma ba a sayar da ita daban." Shi ke nan, keke gaba ɗaya ya tashi aiki saboda taya guda.

Amma kada a yi wa na roba kuɗin goro. Akwai wani samfuri mai babbar tayar gaba da kujera can ƙasa dab da daɓe, wanda yaro ke zama a ciki ƙafafunsa a miƙe gaba. Irinsa ya fara fitowa a Amurka a 1969 da sunan Big Wheel, kamfanoni da yawa kuma sun kwaikwaye shi. Wajen ƙin kifewa, da wuya a samu wanda ya kai shi, saboda nauyin yaro yana ƙasa sosai. Idan an same shi da roba mai kauri, abin saye ne. Wanda nake jan kunne a kansa shi ne siriri mai tsayi, mai tayoyin baya a matse, mai kan dabba a gaba da akwatin waƙa, wanda in ka danna gefensa da babban yatsa za ka ji robar ta lotsa.

Na ƙarfe

Wannan shi ne zaɓina ga yaron da ya kai shekara 3 kuma yake da filin wasa a gida, ba na ɓoye hakan. Dalilina na farko, yana gyaruwa. Noti ya kwance a ɗaure, ƙarfe ya karye mai walda ya liƙe, feda ta fita a nemo wata, a ɗan shafa giris a wuraren juyawa ya koma kamar sabo. A gidajenmu kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin keken yaro ɗaya ba ya zama nasa shi kaɗai. Yayyensa za su hau, 'ya'yan maƙwabta za su hau, ranar suna ko biki kuwa sai an yi layi. Ɗan shekara 3 nauyinsa yana wajen kilo 14. Yawancin waɗannan kekuna an rubuta musu iyakar kilo 20 zuwa 25, ɗan shekara 7 ko 8 kuwa ya kai nan ko ya wuce. Na roba ba ya jure wannan. Na ƙarfe mai kyau yana jurewa, duk da dai gara a hana manyan hawa.

Dalili na biyu, nauyin nasa yana taimaka masa ya zauna daram. Sai dai a nan akwai abin da ya kamata a fahimta, domin mutane da yawa suna ɗauka tunda ƙafa uku ne ba ya faɗuwa. Keke mai ƙafa biyu in zai sha kwana kwantawa yake yi ta ɓangaren da zai juya. Mai ƙafa uku ba ya iya kwantawa. Yaro in ya taho da gudu ya murɗa sitiyari lokaci guda, nauyin jikinsa yana tafiya waje, tayar baya ta ciki ta ɗaga, keken ya kife ta kafaɗa. Iya tsayin kujera da matsewar tayoyin baya, iya saurin kifewa. Saboda haka tsakanin kekunan ƙarfe biyu, a ɗauki wanda kujerarsa ta fi kusa da ƙasa, tayoyin bayansa suka fi buɗewa. Wasu ana yi musu ɗan abin da ke hana sitiyari juyawa har ƙarshe, wannan ma alheri ne ga mai koyo.

Ana iya gwada shi a shago cikin minti ɗaya. A murɗa sitiyarin har iyakarsa, a dafa kujera da hannu, a ɗan tura ta gaba da gefe, ta ɓangaren da ba nan aka juya ba. Keke mai kyau zai yi gardama kafin tayarsa ta ɗaga. Wani kuwa da ka taɓa shi zai tafi. A gwada biyu ko uku a jere, hannu zai gane bambancin tun kafin baki ya faɗa.

Laifofin na ƙarfe uku ne, kuma duka ana iya kauce musu. Yana tsatsa in an bar shi a ruwan damina. Kujera ko matakin baya na ƙarfe in ya sha rana yana iya ƙona cinyar yaro, don haka mai kujerar roba a kan gangar jikin ƙarfe ya fi, kuma a riƙa taɓawa da hannu kafin a ɗora shi. Na uku, ba duk abin da ke ƙyalli ne ƙarfen kirki ba. Akwai masu bututu siriri kamar gwangwani, fenti ne kawai ya rufa musu asiri. A ɗaga a ji nauyi, a duba wuraren walda, musamman inda wuyan keken ya haɗu da jikinsa. Walda mai kyau a jere take ta zagaye bututun, ba ɗigo biyu nan da can ba.

Matakin nan na baya da ke tsakanin tayoyi yana jan hankalin yara su yi goyo. Ƙaramin yana tuƙi, babban ya tsaya a baya ya dafa kafaɗarsa. Abin sha'awa ne a ido, amma in na bayan ya fi nauyi, tayar gaba takan ɗaga su zube ta baya, ƙeya ce kuma ke fara isa ƙasa.

Mai sandar turawa

Wannan shi ne mai tsada a cikinsu, shi ne kuma ya fi shiga ran iyaye mata, da dalili. Yana da doguwar sanda a baya da babba ke riƙewa ya tura, da laima, da bel, da ƙarfe ko robar da ke zagaye cikin yaro, da wurin ɗora ƙafa. Ana tallarsa da cewa uku ne ko huɗu a cikin ɗaya: yaro yana girma ana cire kayan ɗaya bayan ɗaya har ya zama keke zalla. Wasu kwalayen suna rubuta cewa daga wata 10 ake fara amfani da shi. Ko me aka rubuta, kada a ɗora jaririn da bai iya zama da kyau shi kaɗai ba.

Tambayar da za a yi wa kai kafin a biya kuɗinsa ita ce, ina za a tura shi? Wanda ke zaune a rukunin gidaje mai kwalta ko intalok, mai ƙarancin motoci, inda ake fita shan iska da la'asar, zai more shi ƙwarai. Yaro yana zaune a miƙe yana kallon duniya, uwa ta huta da goyo, jakar kayansa na cikin kwando. Amma in ƙofar gida lungu ne mai kwata a tsakiya, ga yashi, ga babura da adaidaita sahu suna giftawa, keken ba zai fita ba. Zai ƙare a falo ana zagaya kujeru da shi, sannan a jingine shi bayan ƙofa. Nauyinsa yakan kai kilo 8 ko fiye, ɗaukarsa a tsallake kwata da yaro a hannu ɗaya wahala ce.

Idan an yanke shawarar saye, abubuwa biyu ne ke raba na kirki da na banza, kuma ba a ganinsu a hoto. Na farko, sandar tana juya tayar gaba? A wasu, sandar a haɗe take da sitiyari ta ƙarƙashi, ka murɗa ta hagu keken ya yi hagu. A wasu kuwa sandar turawa ce kawai, in za a juya sai an danna ta ƙasa an ɗaga tayar gaba, yaro kuma yana can yana murɗa kan keken inda ya ga dama. Na biyu ya fi muhimmanci. A keke mai ƙafa uku feda a jikin tayar gaba take, babu kaca. Ke nan duk lokacin da taya ta juya feda ma tana juyawa. In babba yana turawa da sauri, fedar za ta yi ta bugun ƙwaurin yaro, ko ta ja ƙafarsa ƙarƙashi. Masu kyau suna da ɗan maɓalli a tsakiyar tayar gaba da ake ja ko a murɗa, ya raba feda da taya. A ce wa mai shago ya nuna shi, a gwada a gabansa. In babu wannan maɓalli, to lallai wurin ɗora ƙafar ya kasance nesa da feda.

Wani abin da ba a faɗa a talla shi ne, keken da aka ƙera don turawa sau da yawa ba ya daɗin tuƙi in an cire masa kayan. Kujerarsa a sama take don babba ya ji daɗin turawa, fedar kuma ta yi nisa, ga nauyi. Yaro ya kai shekara 3 ya ga keken maƙwabcinsu marar ado ya fi nasa gudu. Sannan kayan da aka cire, noti da bel da ƙarafuna, kafin ƙane ya iso rabi sun ɓace, sai dai in an ɗaure su a leda ɗaya an adana. Kada kuma a rataya jaka mai nauyi a sandar, tana rinjayar keken ya tafi ta baya.

Akwai abokin takara da ya cancanci a ambace shi, ko da yake ƙafarsa biyu: ƙaramin keke marar feda, wanda yaro ke zama a kai ya riƙa tafiya da ƙafa, in ya saba ya ɗage ƙafafun ya sulala. Ana iya fara shi tun daga shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, masu sauƙin cikinsu nauyinsu wajen kilo 3 ne, yawanci da taya inci 12. Abin da yake koyarwa daban ne. Mai ƙafa uku yana koya wa yaro juya feda, wannan kuwa yana koya masa daidaita jiki, wanda shi ne ɓangare mai wuya a hawan babban keke. Yaron da ya ƙware a kansa yakan koma keke mai feda ba tare da ƙananan tayoyin gefe ba. A ƙasa mai gargada ma ya fi mai ƙafa uku, domin taya biyu a layi ɗaya suna bi ta ƙaramar hanya, uku kuwa sai sun sami wuri mai faɗi da ya daidaita. Aibinsa, yana gudu fiye da yadda ake zato, faɗuwar farko-farko kuma ba makawa, takalmi ma yana cinyewa. Yaro mai tsoro, ko mai son zama ya loda kayan wasa a kwando ya kai wa kakarsa ɗaki, mai ƙafa uku zai fi masa daɗi. A keke marar feda, sirdi ya zama ƙasa da matsematsin yaro da kamar santimita 2 ko 3.

Shi kuwa babur ɗin wasa mai batir mai taya uku, ba na sa shi a wannan sahu. Yaro zama kawai yake yi ya danna, ƙafa ba ta aiki, ga caji a garin da wuta ba ta tsayawa, batirin in ya mutu kuma abin ya zama kaya.

Taya da ƙasan gida

A tsaya a dubi inda yaron zai yi wasa kafin a tafi kasuwa. Tayar roba mai tauri, wadda in ka ƙwanƙwasa take ƙara kamar fanko, tana santsi a kan tayil: yaro ya danna feda, tayar gaba ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. A daɓen siminti tana tafiya, amma da ƙara mai hana barcin rana, kuma tana cinyewa. Akwai ta roba mai laushi irin wadda ake yin silifas da ita, ba iska a ciki. Ba ta ƙara, ba ta faci, ba ta da nauyi, ta dace da tayil da daɓe mai laushi, sai dai tsakuwa da siminti mai kaushi suna gugar ta. Tayar roba baƙa ta gaske marar iska ita ce ta fi dacewa da yawancin tsakar gidajenmu, tana kama ƙasa, tana daɗewa. Mai iska ta fi kowacce laushin tafiya a kan gargada da burji, amma duk inda tsidau ko ƙayar aduwa suke, a shirya zuwa wurin mai faci, wani lokacin ma samun irin ƙaramar tayar in ta lalace aiki ne.

A yashi mai zurfi kuwa babu keke mai ƙafa uku da ke tafiya da ƙarfin ɗan shekara 3. In tsakar gida rairayi ce gaba ɗaya, gara a jinkirta saye ko a ware masa baranda. Babbar tayar gaba tana rage wannan matsala, tana kuma haye ƙananan duwatsu da ƙarama za ta tsaya a kansu cak ta wurgo yaro gaba.

Sabo ko gwanjo

Keken gwanjo na kamfanonin da suka yi suna, irin Radio Flyer na Amurka ko Puky da Kettler na Jamus, in an dace da mai lafiya, yakan fi sabo mai araha ƙarko nesa ba kusa ba. Amma gwanjo sai da ido. A girgiza tayoyin baya hagu da dama a ji ko suna rawa. A ɗaga gaba a juya feda a saurara. A bi duk gefuna da tafin hannu, a leƙa ƙarƙashi a nemi tsatsa da tsaga. A tabbatar robobin da ke rufe bakin sitiyari suna nan, domin bututun ƙarfe a buɗe yana yanka, yana kuma iya sukar ciki in yaro ya faɗa a kai.

Suna kaɗai ba ya isa. A watan Satumba na 2010 kamfanin Fisher-Price ya janye kekunan yara wajen miliyan 7 a Amurka, saboda wani makullin wasa na roba da ya turo a gaban kujera, wanda yara ke faɗawa a kai su ji rauni a gabansu. Kayan da aka janye a can ba a bin sawunsu in sun shiga kwantenar gwanjo. Don haka ko wane kamfani ne, sabo ko tsoho, a dubi tsakanin kujera da sitiyari: kada a sami wani abu mai tsini ko tudu a wurin.

Fenti ma abin lura ne. Tsohon keken da fentinsa ke ɓarewa, ko wanda aka sake fesa masa fentin da ba a san irinsa ba, a bar shi, domin yara suna lasa suna cizon kan keke, wasu fentin kuma akwai dalma a ciki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwa suka rasu. Waccan daga haƙar zinari ta fito, ba daga kayan wasa ba, amma gubar ɗaya ce, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani ƙaramin adadinta da aka san ba ya cutar da yaro.

A sabo, a karanta kwali. Alamar CE da lambar EN 71 suna nuni da ƙa'idar kayan wasa ta Turai, ASTM F963 ta Amurka ce, hukumar SON kuma ita ke da alhakin ingancin kayan da ke shigowa Najeriya. Tambari ana iya buga shi na ƙarya, saboda haka hannu da ido su ne alƙalai na ƙarshe. In an ga hoton fuskar jariri a cikin jan da'ira an ja layi a kai an rubuta 0-3, ma'anarsa ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne, galibi saboda ƙananan abubuwan da za su iya ɓallewa yaro ya haɗiye. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne akwatin waƙa. Wasu suna amfani da ƙaramin batir mai siffar kwabo irin na agogo, in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2. Murfin batir dole ya zama da noti ake buɗe shi. In da farce ake ɓalle shi, a cire akwatin gaba ɗaya, keken ba ya rasa komai.

Masu saye ta intanet ko ta hotunan da ake sawa a WhatsApp, su nemi a auna musu tsayin kujera daga ƙasa da faɗin tayoyin baya da tef, a turo hoto. Hoton talla ba ya nuna girma.

Duk keken da aka zaɓa, wurin hawa yana da nasa hukuncin. Wani bincike da mujallar likitocin yara mai suna Pediatrics ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa a 2012 da 2013 an kai yara sama da 9,000 sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda raunin keke mai ƙafa uku. 'Yan shekara 2 ne suka fi yawa, kai ne inda aka fi jin ciwo, gwiwar hannu ce ta fi karyewa. Wannan ya ƙara nuna amfanin jira yaro ya kai, da amfanin hular kwano daidai kansa, ko da a tsakar gida ne, domin daɓen siminti ba ya tausayi. A gidajenmu wuraren haɗarin sanannu ne: rijiya marar murfi, murhu ko kurfoti da tukunya a kai, baho cike da ruwan wanki, matakala, da gangaren ƙofar gida da aka yi don shigar da mota ko babur. Gangaren nan ya fi duka. Keke ba birki, feda tana juyawa da taya har ta fi ƙarfin ƙafar yaro, ƙarshen gangaren kuma titi ne. Yaro a kan irin wannan keke ya yi ƙasa sosai, direban da ke baya da mota ba ya hango shi ko a madubi. Maigida in zai fita da mota, ya ga yaron da idonsa a hannun wani kafin ya tayar. A sa masa takalmi mai rufe yatsu, a kuma tattare doguwar riga ko hijabi kada su naɗe a taya.

Idan aka tara duka, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu a unguwar da ake iya fita yawo, mai sandar turawa mai maɓallin raba feda ya dace da shi. In babu wurin yawo, ƙaramin na roba mai kauri ya ishe shi ja da ƙafa kafin ya girma, a adana ragowar kuɗin. Daga shekara biyu da rabi zuwa biyar, a gida mai daɓe da yara da yawa, na ƙarfe mai kujera ƙasa-ƙasa da tayar roba marar iska ya fi kowanne. Yaro mai ƙiriniya da ba ya tsoron faɗuwa, marar feda zai fi yi masa amfani. In ba dole ba, a saya kafin kasuwar Sallah ta ɗau zafi, lokacin da mai shago ke da sukunin buɗe kwali a gwada. Wanda ya zo a kwance cikin kwali, a kai wa mai gyaran keke ya haɗa, a sake ɗaure notuna bayan mako guda na hawa, a kuma samar masa wurin kwana a inuwa. A gidan da yara biyu suke kusan tsara ɗaya kuwa, tagwaye ne ko 'ya'yan ɗakuna biyu, kuɗin babban keke ɗaya mai laima da fitila gara a raba su a sayi ƙanana biyu marasa ado, iri ɗaya, launi ɗaya.